Gidan kyamara na Ikelite 200DL, bayan shekara biyu ina shiga teku da shi

Salam jama'a. Tun ranar da na saka hotunan kunkurun ruwan nan da na baburan da ke cikin jirgin da ya nutse, mutane ke ta tambayata wai da wace waya na ɗauka, wasu ma cewa suke ai leda ce ake saka kyamara a ciki a ƙulle baki. Toh ba waya bace, ba kuma leda ba. Kyamarata ce dai ta aikin biki, Canon 90D, na saka ta a gidanta na shiga ruwa, kuma gidan nan nake so in yi magana a kai yau tunda na shekara biyu ina aiki da shi a Bahar Maliya, yawanci a Dahab, wani gari a bakin teku a yankin Sina na Masar, don ni a Alƙahira nake zaune, motar dare kawai zaka hau ka wayi gari a can.

Gidan na kamfanin Ikelite ne, samfurin 200DL. Kamfanin a Indianapolis yake a Amurka, wani mai nutso Ike Brigham ne ya kafa shi tun 1962. Wannan 200 ɗin da ke jikin sunan ƙafa 200 ake nufi, wato zurfin mita 60 kenan zai iya ɗauka, mu kuwa masu nutson shaƙatawa iyakarmu mita 40 ce, ni ma ban taɓa wuce talatin da 'yan kai ba, kaga ta wannan ɓangaren akwai sarari sosai.

Kafin shi na taɓa sayen jakar roba ɗin nan mai laushi a wani shago, mai shagon yace min ai har teku ana shiga da ita. A kan ruwa lafiya lau. Ina sauka kamar mita biyar sai robar ta manne da kyamara gam, maɓallai suna danna kansu, gilashin gaba ya yi raɓa, ban fito da hoto ko ɗaya na kirki ba, ranar raina ya ɓaci ƙwarai don kuɗin nutson ma ba kaɗan bane. Dalilin kuwa nauyin ruwa ne, duk mita 10 da ka sauka matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a doron ƙasa, a mita 30 ya zama ninki huɗu, abu mai laushi dole ya matse. Shi yasa ake buƙatar gida mai tauri wanda ruwa zai danna shi amma bazai taɓa kyamarar ba.

Shi wannan da roba mai tauri aka yi shi, haɗin ABS da folikabonet, jikin fari-fari ne, murfin baya kuma garai-garai kana hango cikinsa. Da farko na ɗauka ado ne kawai. Ashe farin yana rage ɗaukar zafi, duk wanda ya san ranar Sina ya san abin da nake nufi, ka ajiye baƙin abu minti goma a bakin ruwa ya zama kamar tanda, kana shiga ruwa mai sanyi da shi cikin ya yi gumi gilashi ya dushe. Shi kuma bayan nan mai nuna ciki, wallahi shi na fi so a gidan gaba ɗaya, saboda in ka rufe kana ganin robar zoben da idonka ta kwanta baƙa ƙirin ta zagaye ko'ina, in kuma ka shiga ruwa ko ɗigo ɗaya ya shiga zaka gani nan take ka fara hawa sama. Wannan kwanciyar hankalin ba ƙaramin abu bane ga wanda kyamarar nan ce abincinsa.

Robar zoben nan, wadda masu nutso ke kira orin, ita ce komai fa. Duk kuɗin da ka zuba a kanta ya rataya. Ni ga yadda nake yi, kuma ban taɓa tsallakewa ba: da daddare nake haɗa kaya a ɗaki, ba da safe a bakin ruwa ana kirana ba, in kashe fanka, in shimfiɗa farin ƙyalle marar gashi, in cire robar in bi ta da yatsa a hankali ina jin ko akwai yashi ko tsaga, in goge ramin da take zama, wadda take buƙatar mai in shafa mata man kamfanin ɗan kaɗan dai yadda zata yi sheƙi, don in ka cika mai shi ne ma zai riƙa kama yashi da gashi. Man ba shi ke hana ruwa shiga ba, sulɓi kawai yake ba robar ta zauna daidai.

Bayan na rufe sai bakyum. Gidan yana zuwa da bawul ɗinsa a jiki, amma famfon hannu mai agogo daban ake sayensa, kuma shawarata kar ka fita daga shago ba tare da shi ba. Zaka zuƙe iskar ciki allurar agogon ta tsaya a wani waje, ka barshi ya kwana, da safe ka sake jonawa ka duba, in allura tana inda ka barta gida ya rufu, in ta motsa akwai inda iska ke shiga kuma inda iska ta bi ruwa zai bi. Sau ɗaya hakan ta faru da ni, da asuba muna shirin zuwa Canyon, wani wurin nutso a Dahab, na duba naga allura ta sauka, na buɗe na haska da fitilar waya, sai ga zare guda ɗaya siriri na tawul ya kwanta a kan robar. Zare ɗaya tak. Da babu famfon nan da ranar ruwan gishiri ya cinye kyamara da lens gaba ɗaya, don ruwan teku in ya taɓa kayan lantarki babu gyara. Na tsaya na yi alhamdulillahi ya fi a ƙirga, na goge na rufe na sake gwadawa, abokan tafiya suka jira ni.

Yanzu maganar da ba'a faɗa wa mutum da wuri. Gidan shi kaɗai ya fi kyamarar tsada, kuma shi kaɗai ba zaka iya shiga ruwa da shi ba, gabansa a buɗe yake zuwa, sai ka sayi bakin gilashin da ya dace da lens ɗinka, wanda suke cewa fot. Iri biyu ne. Akwai shafaffe, na ɗaukar ƙananan halittu kusa-kusa da lens na makuro, akwai kuma dom mai kama da ƙwarya a kife, na ɗaukar fili. Ruwa yana lanƙwasa haske, shi yasa ta shafaffen gilashi abu ke ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, faɗin hoto kuma ya tsuke, shi dom yana maido wa lens faɗinsa. Ni dom mai inci 8 na saya na haɗa da Tokina 10-17mm, lens ɗin da kusan duk mai irin kyamarata ke amfani da shi a ruwa saboda yana kama abu ko da ya kusa taɓa gilashin. Tsarin ɗaurin fot ɗin shi ne DL ɗin da ke cikin sunan, an yi shi ta yadda in kana cirewa bayan nutso ruwan da ya maƙale a baki baya ɗiga kan kyamara, kuma gaskiya a wajena haka yake.

Dom ɗin na akirilik ne, wato roba mai garai-garai kamar gilashi, yana saurin karcewa, amma karcen waje ruwa yana cike shi baya fitowa sosai a hoto kuma ana iya goge shi da man gogewa, na ciki ne matsala don haka kar ka yarda komai ya taɓa ciki. Sannan da yake cike yake da iska yana son ɗaga gaba sama, kwanakin farko wuyan hannuna har ciwo yake bayan minti arba'in ina danne shi, sai da na ɗaura 'yar dalmar daidaita nauyi a ƙasa sannan ya zauna.

Sai fitila. Anan ne na fi so mutane su tsaya su fahimta. Ruwa yana shanye launi, ja ne ke fara tafiya tun wajen mita biyar, ruwan lemo ya bi shi, rawaya ya bi, kana kaiwa mita ashirin komai ya koma shuɗi-shuɗi. Murjanin da kake gani ja wur a hotunan mujalla, da idonka a ƙasa kamar toka yake, filasha ce ke dawo da launin. Watanni shidan farko ba ni da ita, hotunana duk shuɗi ne ko ya na gyara a kwamfuta, ranar da na jona filasha DS160 guda biyu na kamfanin na danna a Lighthouse, wani wurin nutso a Dahab, naga jan ya fito a bayan kyamara sai da naji tsigar jikina ta tashi, kusan in manta ma da duba iskar tankina. Amma dole ka ware su gefe da dogayen hannaye, in suna kusa da lens duk ƙurar da ke yawo a ruwa zata haska hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige. Kuma ka matsa kusa, haskensu baya kai wa nesa, abin da ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu kusan ka haƙura da launinsa.

Inda na tabbatar gidan nan ya riƙe amana shi ne a Thistlegorm, jirgin ruwan Ingila da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a watan Oktoba 1941, yana kwance a zurfin wajen mita 30 da kayansa a ciki har yau, manyan motoci, baburan BSA da Norton a jere a bayan motocin, takalman roba. Ranar ruwa na ja sosai, igiya muke bi muna sauka, hannu ɗaya a igiya ɗaya a kyamara, gidan ya bugu da ƙarfen tsanin jirginmu kafin ma mu sauka, a cikin ɗakin kayan kuma duhu ne ga ƙunci. Duk maɓallan da na nema sun amsa, na canza buɗin lens da saurin shota ba wahala, nutso biyu muka yi na fito ciki a bushe ƙayau.

Akwai inda gidajen alminiyom suka fi shi, ba zan ɓoye ba. Wani Bajamushe da muka haɗu a jirgi ya bani Nauticam ɗinsa na riƙe, na Hong Kong ne, yana kai mita 100, kuma sun jawo maɓallan sun kawo su daidai inda yatsunka suke ba sai ka saki mariƙi ba. A nawa wasu maɓallan suna nan daidai inda suke a jikin kyamara, sai ka miƙa hannu, wasu kuma sai ka ɗan murɗa ka daidaita kafin su kama. Nawa kuma ya fi kumbura a jaka. Amma kuɗin nasa kusan ninki biyu ne, ni da bambancin na sayi fitilu, kuma har gobe ina ganin nayi daidai, don fitila ke canza hoto, santsin maɓalli baya canzawa. Leƙen ramin kallo da gilashin nutso a fuska shima yana da wuya a kowane gida, baka ganin kusurwoyi sosai, ni dai nafi amfani da allon baya tunda 90D tana kama fokas da sauri a haka.

Abu ɗaya da ya shafi duk kamfanonin, kowane gida kyamara ɗaya aka ƙera wa, ko 'yan biyu masu jiki iri ɗaya. Ranar da ka canza kyamara gida ya tashi aiki, fot da fitilu ne kawai zasu bi ka. Yanzu da kowa ke komawa kyamara marar madubi, gidajen DSLR, wato kyamara mai madubi irin tawa, na hannu sun yi sauƙi a kasuwa, dama ce ga mai ƙaramin ƙarfi, amma in zaka saya ka tabbata an canza duk robobin har na cikin maɓallai, ka fara shiga da shi ruwa babu kyamara a ciki, ka cusa tishu ka gani ko zai jiƙe.

Bayan kowane nutso ina jiƙa shi a ruwan daɗi ina danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, in gishiri ya bushe a ciki ƙanƙara yake yi ya ci robar. Kuma bana barinsa a bahon wankin kaya na jirgi inda kowa ke jefa nasa. Da na zo gida Kano lokacin hunturu na taho da shi nayi wa wasu yara hoto a wurin ninƙaya na otal, rabi sama rabi ƙasa, ya yi kyau sosai, amma ƙurar hunturu sai da ta sa na rufe ƙofa da taga kafin in buɗe shi. Wani ya ce mu je dam, nace masa ruwan da baka ganin tafin hannunka a ciki babu gidan da zai fitar maka da hoto.

Wani ƙanena ɗalibi a Azhar ya biyo ni Dahab bara, ya ga kayan yace "Yaya, in na tara kuɗi wanne zan fara saya?" Nace masa ƙanena kar ka fara da ko ɗaya, je ka yi kwas ɗin nutso tukuna, na farko mita 18 zai baka, ka yi ta shiga har ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba ka taɓa ƙasa ba ka tashi sama, don na sha ganin mai kyamara hankalinsa na kan hoto ƙafarsa na karya murjanin da ya yi shekaru yana girma, abin yana min ciwo har raina. Ya yi kwas ɗin bayan sallar azumin da ya wuce, yanzu shi ke riƙe min fitila ta uku. Ni kuma ina tara kuɗin shafaffen fot da lens 60mm, akwai wasu ƙananan dokin ruwa, kifayen nan masu kai irin na doki, a cikin ciyawar gefen Lighthouse da na daɗe ina kallo ba ni da abin ɗaukarsu, in Allah ya yarda kafin sanyi ya shigo zan koma musu.