Fentin da za ka saya wa ƙaramin Zero ko Corsair ɗinka

Duk mai haɗa ƙananan jiragen roba na Yaƙin Duniya na Biyu ya san ba a haɗawar ake shan wuya ba, a fenti ne. Jiragen sojan ruwa kuwa sun fi kowa rigima, domin gishirin teku na cin alminiyam, shi ya sa ba a yi musu wasa da fentin shimfiɗa ba, wato wanda ake fara shafawa kafin launin sama. Amurkawa sun yi amfani da zinki-kuromet mai ruwan ɗorawa, in an zuba masa baƙi ya koma kore. Corsair na farko-farko har wani mai ja-ja aka shafa musu a ciki. Japanawa kuma sun shimfiɗa wa Zero ja mai ruwan ƙasa kafin launin sama, cikin jikinsa kuma suka shafa aotake, wani shuɗi-kore da ake hango ƙarfe ta cikinsa. Saboda haka in ka ga an kankare ƙaramin Zero na 1941 don nuna ɓarewar fenti har duk ya zama azurfa, an zarce gona da iri. Wannan ɓarewar ta fi yawa a jiragen ƙarshen yaƙi da aka fesa cikin gaggawa.

Ni dai Mr. Color nake saya, ba na ɓoyewa. Fenti ne mai tina, wato sinadarin tsinka fenti, yana kama roba gam, kuma sun raba launukan yadda mai son tarihi ke so. Koren Zero da kamfanin Nakajima ya ƙera lamba 15 ne, na Mitsubishi 124, don ko a gaske ba iri ɗaya suke ba. Aotake 57. Shuɗin nan mai duhu da sheƙi da sojan ruwan Amurka suka koma wa a 1944, wanda ya rufe Hellcat daga sama har ƙasa, shi ne 365. Ka fara da fentin shimfiɗa Mr. Surfacer 1500 a ƙasa, ka tsinka fentin da tinarsu mai jinkirta bushewa, sai ka ga ya kwanta sumul. Wannan tinar a wurina dole ce lokacin hunturu, in ba haka ba fentin kan bushe a iska kafin ya isa fiffike, ya sauka kamar yashi. Aibin Mr. Color wari: sai da takunkumi, taga a buɗe, yara kuma nesa.

Tamiya ba laifi, sai dai sau da yawa sai ka gauraya kafin ka sami launin da kake nema. Vallejo na ruwa ne, ya dace da mai aiki a ɗaki, amma yana son haƙuri kafin a ɗora masa salatif ɗin da ake rufe wani sashe da shi in za a fesa wani launi. Humbrol kuwa jiran bushewarsa kaɗai ya ishe ni.

Salatif ɗin nan shi ne ma'aunina, kuma da dalili. Na taɓa kwashe mako uku a kan Corsair mai launi uku irin na 1943, shuɗi mai duhu a sama, mai haske a gefe, fari a ƙasa. Ina ɗaga salatif sai fentin ya biyo shi kamar ɓawon albasa, har roba ta fito. Kwalaben daga wani mai sayarwa a intanet na same su, da araha. Daga baya na lura murfin duk an taɓa buɗe su, an tsinka abin da ke ciki.

A nan ake cutar mutane. Fenti mai tina yana kama wuta, ba kowane mai aiko da kaya ke yarda ya sa shi a jirgin sama ba, sai ya yi wuyar samu, 'yan damfara su sami ƙofa. Kafin ka biya, ka nemi hoton kwalbar da za a aiko maka, ba na talla ba. Duba bakin murfi, in akwai busasshen fenti an buɗe. Juya ta ka ga gindinta: na gaske launi kan kwanta a ƙasa da kauri, wanda aka tsinka yana kaɗawa kamar ruwan shayi. Kwalbar Mr. Color mililita 10 ce, in takardar jikinta ta karkace ko rubutun ya dushe, bar ta. Kada kuma ka yarda a ɗura maka tinar masu fentin mota a gora a ce duk ɗaya ne, tana iya cinye robar jirgin. In kayan sun iso, fesa a bayan cokalin roba, bar shi ya kwana, manna salatif ka fizge kafin ka kusanci jirginka.