Motar ziyarar Hausawa a Madina: jagoran ya san aikinsa, shagon dabino ya cinye lokacin

Wanda zai kai tsoho ziyara a Madina, kuma tsohon ba ya jin Larabci, motar ziyarar da Hausawan garin ke shiryawa ta fi masa tasi nesa ba kusa ba. Sai dai akwai abin da ya kamata ya tambaya kafin ya miƙa kuɗinsa.

A Jidda nake aiki. Da Baffana, ƙanin mahaifina, ya zo Umra daga Kano, na ɗauki hutu muka hau jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, cikin kamar awa 2 sai ga mu a Madina. A ƙofar masaukinmu wani saurayi ya ji muna Hausa, ya matso ya ce suna da kosta mai fita bayan sallar Asuba zuwa Kuba, Uhudu, Ƙiblataini da Handaƙ. Kuɗin kujera biyu bai kai abin da mai tasi ya nema ba, muka biya.

Motar tsaf take, akwai sanyi, an raba ruwa. An ɗan makara wajen jiran ta cika. Direba ya naɗe keken da ake tura Baffa a kai ya sa a baya ba tare da an roƙe shi ba.

Abin da kuɗin ya saya a gaskiya shi ne jagoran. Haifaffen Madina ne, ya ce kakansa ta Sudan ya biyo a ƙasa ya zo aikin Hajji, bai koma ba. Hausarsa tsohuwa ce, cakuɗe da Larabci, ko'ina "yalla, yalla", amma babu wanda bai gane shi ba. Tun da dare ya aiko saƙo cewa kowa ya yi alwala a masauki kafin ya fito, saboda hadisin ya ce wanda ya yi tsarki a gidansa sannan ya zo Masallacin Kuba ya yi salla, yana da lada kamar na Umra. Da muka isa muka tarar da mutanen wasu motocin a layin wurin alwala, mu kuwa kai tsaye muka shige. A nan ya tuna mana cewa wannan ne masallacin farko da aka gina bayan Hijira a 622, kuma Manzon Allah (SAW) yakan zo shi kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa.

Uhudu ne inda na san mutumin ya iya. Bai tsaya a cikin mota yana karanto labari ba. Ya tara mu a gindin tudun maharba, ya juya mu muka fuskanci babban dutsen, ya nuna da hannu: nan Musulmi 700 suka ja daga a shekara ta 3 bayan Hijira, dutsen yana bayansu, can kuma Ƙuraishawa 3,000. A kan wannan ɗan tudun aka ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair, da umarnin kada su sauka ko da me ya faru. Ya nuna ta inda dawakan Halidu ɗan Walid suka zagayo bayan yawancin maharban sun sauka ɗibar ganima. Tun ina makarantar Islamiyya nake jin labarin nan, amma sai ranar na gane yadda tudu ƙarami haka ya riƙe yaƙin gaba ɗaya, don idan ka hau shi filin duka a tafin hannunka yake.

Daga nan ya kai mu bakin shingen maƙabartar shahidai, inda Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umair da Abdullahi ɗan Jahshi suke, cikin shahidai kimanin 70. Ya koya wa mutane lafazin sallama, ya kuma hana wata Hajiya ɗibar tsakuwa ta ƙulla a bakin mayafi. Cikin ladabi ya yi. "Hajiya, ki yi haƙuri, addu'a aka ce a yi musu, ba a ce a kwashi ƙasa ba." Ta yi dariya ta zubar.

Baffa ya riƙe ƙarfen shingen da hannu biyu, leɓensa na motsi, hawaye na bin gemunsa. A daidai lokacin direba ya fara danna oda. Na sunkuya na ce, "Baffa, a yi haƙuri, motar za ta tashi." Bai waiwayo ba ya ce, "Ɗana, ka bari in ƙarasa gaida Hamza." Jagoran da kansa ya je ya roƙi direba, amma duk da haka tsayuwarmu a Uhudu ba ta kai rabin awa ba.

Ƙiblataini raka'a biyu ce a gurguje. Baffa ya yi ta neman alƙibla ta biyu, aka faɗa masa mihrabi ɗaya ne yanzu, mai kallon Makka. Handaƙ kuwa ta taga muka gan shi: ga Dutsen Sal'u, shekara ta 5, shawarar Salmanul Farisi, mota ta wuce.

Ashe gaggawar duk ta shagon dabino ce. Aka sauke mu a wani shago a cikin gona, aka kawo gahawa da dabino na ɗanɗano, muka share fiye da awa guda. Ba ni da ja da sayen tsaraba, kowa yana son ya koma gida da Ajwa. Abin da na ƙi shi ne a yanke lokacin shahidai a ba ɗan kasuwa. Ba sai an faɗa maka akwai kamasho ba, yadda mai shagon ya rungume direba ya isa. Farashin ma ya ɗara na kasuwar dabino ta cikin gari, inda daga baya muka sayi Ajwa da Safawi da Mabrum muka taya son ranmu.

Wani abu kuma, saurayin da ya kawo mu ya ce idan mun ƙara kuɗi zai samo mana izinin shiga Rauda. Kada kowa ya biya. Izinin kyauta ne a manhajar Nusuk, lokacin maza daban, na mata daban. A wayata na cire mana, askarawa suka duba a ƙofa, Baffa ya yi sallarsa tsakanin ɗakin Manzo da mumbarinsa.

Maɗaba'ar Alƙur'ani ta Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1984, ba ta cikin jerinsu, ga shi kuwa ta buga tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Motar da ke ɗaukar Hausawa zalla bai kamata ta tsallake ta ba.

Zan sake shiga motarsu saboda jagoran, amma kafin in biya zan tambaya minti nawa za a yi a Uhudu, kuma ko akwai tsayuwar dabino. Idan kuna da yawa, ku haɗa kuɗi ku ɗauki motar gaba ɗaya, ku gindaya sharaɗin babu shago. Idan ku biyu ne kamar mu, ku bi su da safe don bayanin, bayan La'asar ku ɗauki tasi ku koma Uhudu ku kaɗai. Haka muka yi, Baffa ya zauna har aka kira Magariba.