Gwajin jini ko ƙirga wata 12?

Mata sun dame ni da tambaya, wai don a tabbatar al'ada ta ɗauke kwata-kwata saboda shekaru gara a je lab ko a zauna a ƙirga watanni?

Ƙirga dai ba ko sisi, in kin wuce shekara 45 kuma kin yi wata 12 cur ba jini, ga zafin jiki da zufar dare, likitoci ma da haka suke ganewa. Sai dai jiran da tsawo, kuma kar ki saki jiki, ciki na iya shiga kafin shekarar ta cika.

Gwajin jini na FSH, wato sinadarin da ke sa ƙwan mace ya nuna, shi kuma kuɗi ne, sannan sinadarin nan hawa da sauka yake a wannan lokacin, yau ya hau wata mai zuwa ya sauko, shi ya sa gwaji ɗaya bai isa ba ana maimaitawa bayan sati 4 zuwa 6, in kina shan wasu ƙwayoyin planin ma sakamakon rikicewa yake.

Yar 50 da alamomi sun bayyana, ƙirga ya ishe ki Hajiya. Wadda jini ya ɗauke mata kafin 40, ko aka cire mata mahaifa ba abin ƙirgawa kuma ba ta wuce 45 ba, ita ce ta gwaji, kuma wajen likita.