Na gwada WolframAlpha da lambar da ta yaudari Fermat

Na jima ina jin mutane na yabon WolframAlpha, shafin nan mai amsa tambayoyin lissafi da Stephen Wolfram ya ƙaddamar a 2009, to jiya dai na ce bari in gwada shi da wata lamba mai taurin kai in ga ƙarshen iyawarsa. Na rubuta 4294967297 kawai, ba tambaya ba komai, na danna.

Ita wannan lamba tana da tarihi fa. Idan ka ninka 2 da kanta sau 32 ka ƙara 1, ita ke nan. Fermat, masanin lissafin nan ɗan Faransa, ya ɗauka duk lambobin jerin da take ciki (inda ake ɗaukar 2 guda 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu, a ninka su da juna a ƙara 1) firam ne, wato ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu, kuma yana da dalili don 3, 5, 17, 257 da 65537 duk haka suke. Sai a 1732 Euler, wani masanin lissafin, ya zo ya nuna 641 na raba ta shida a jerin, wato lambar tamu, cif ba saura. Da alƙalami da takarda fa, ba kwamfuta!

To shi shafin kafin in gyara zama har ya fito min da 641 × 6700417, kai wallahi sai da na ji tausayin Euler. Ya rubuto sunan lambar da kalmomi, ya nuna yadda take a bainari (ƙirgen kwamfuta da 0 da 1 kawai), 1 sai sifili guda 31 sai wani 1 a ƙarshe, abin gwanin kyau, sannan ga saurar da take bari in an raba ta da ƙananan lambobi. Tunda firam biyu ne suka haife ta, masu raba ta huɗu ne kacal, 1 da 641 da 6700417 da ita kanta.

Na ƙara da 2147483647, wadda masu rubuta manhaja suka sani sarai don nan ne iyakar ƙirgen bit 32 mai alama (wato gurbi 32 na bainari, ɗaya na nuna ko lamba tana ƙasa da sifili), ita ce ma sanadin matsalar agogon kwamfuta da ake jira a Janairun 2038. Wannan kam firam ce, nan take ya tabbatar.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga, amsa yake bayarwa kyauta amma bayanin mataki-mataki sai mai biya, kuma in za ka yi tambaya da jimla sai da Turanci ko wasu ƴan yaruka kamar Sifaniyanci da Japananci, ko da yake lamba zalla ba ruwanta da yare. Ɗalibin da ke son gane dalilin da ya sa 641 ta yi aiki sai ya koma littafi ko wajen malami. In kuma dangin lamba kake nema, jerin da take ciki da ƴan uwanta, OEIS, shafin kundin jerin lambobi na Neil Sloane, ya fi zurfi, ni dai yanzu biyun nake buɗewa tare, WolframAlpha na raba min lamba, OEIS na gaya min asalinta.