Tafiyar kwana biyu zuwa gidajen bayi na Cape Coast da Elmina: ta ci kuɗinta amma da gyara

Jama'a tunda na dawo daga Ghana mutane ke ta tambayata a inbos wai ya tafiyar nan ta gidajen bayi take, shin ta cancanci kuɗin da ake biya, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Na je Akra ne bikin 'yar kawuna a Nima, bayan an watse ɗan kawun nawa ya ce ai ba zan koma Kano ban ga bakin teku ba, shi ya yi mana bukin a wani kamfanin yawon buɗe ido, ba zan faɗi sunansu ba don akwai inda zan ɗan taɓa su.

Bari in fara da mota. An ce ƙarfe shida na safe za a tashi, ba mu bar Akra ba sai wajen takwas saura, muka faɗa gosulon Kasoa tsundum, tafiyar da bai kamata ta wuce awa uku ba ta koma kusan biyar, esin bas ɗin kuma ya mutu tun kafin mu fita gari. Direban dai mutumin kirki ne, da muka ce zamu yi sallah bai yi mana ƙorafi ba. Otal ba yabo ba fallasa, akwai ruwa akwai wuta. Abinci kuwa wace suka bamu da soyayyen kifi da shito, wato soyayyen yajinsu, wacen nan fa shinkafa da wake ne kawai, sunan ma daga bakinmu suka ara, na ci na ƙara.

Abun da ya fanshi tafiyar shi ne jagoran da kamfanin ya haɗa mu da shi, wani saurayi siriri Bafante, wato ɗan ƙabilar Fante ta bakin tekun, in don shi ne ko nawa aka ce zan sake biya. A Cape Coast muka fara, ginin da 'yan Suwidin suka soma a 1653 kafin ya ƙare a hannun Ingila. Ya gangara da mu kurkukun maza na ƙarƙashin ƙasa, ya ce kowa ya kashe fitilar wayarsa, muka tsaya cikin duhu ko minti ɗaya ba a yi ba wallahi numfashina ya fara sama-sama, mu da ba mu kai ashirin ba, alhali ya ce akan tara maza wajen dubu a ɗakunan nan, wani ya yi sati shida wani wata uku yana jiran jirgi, a nan zai ci a nan zai yi bahaya a nan zai kwanta. Sai ya nuna sama ya ce ku san me ke bisa kanmu? Coci. Ana waƙar yabon Ubangiji a sama mutane na ruɓewa a ƙasa. Wata dattijuwa baƙar fata daga Amurka da muke tare ta dafa bango tana kuka, ni kuma a raina ina ta tsine wa Turawa, ina jin kaina tsaf kamar ba ruwana.

Washegari a Elmina ne aka sauke min wannan girman kan. Ginin ya fi na Cape Coast tsufa sosai, 'yan Fotugal suka gina shi a 1482, kuma ba don bayi aka fara shi ba, zinariya suke nema, har ma su ne ke sayo bayi daga wajen Binin su kawo nan su sayar wa 'yan kasuwar ƙasar a basu zinariya. 'Yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Da gonakin rake suka bunƙasa a Birazil da tsibiran Karebiyan, ga taba, daga baya ga auduga, sai mutum ya fi zinariya riba, aka kwashe kusan mutum miliyan 12 da rabi daga Afirka a 'yan ƙarnukan nan, kusan miliyan biyu ba su kai gaci ba, teku ta cinye su. Jagoran ya nuna mana barandar da gwamna ke tsayawa yana leƙen tsakar gidan mata yana zaɓen wadda za a wanke a hau masa da ita, wannan wajen ban iya ɗaukar hoto ba.

Sai wani Alhaji cikinmu, ɗan Kumasi ne dattijo, ya ce to Turawan nan da me suka shiga daji suka kamo mutane haka? Yaron ya ce Baba ai ba su shiga ba, sauro da zazzaɓi ba za su bar su ba, a bakin teku suke zaune har kuɗin hayar fili suke biyan sarakunan nan, kawo musu ake yi a karɓi bindiga da albarushi da yadi da giya, wanda ya samu bindiga ya kai wa maƙwabcinsa hari ya samo wasu bayin ya ƙara sayen bindiga, wanda ya ƙi shiga kuma shi za a kama. Ya ce kakanninsa Fante dillalai ne a ciki, Asante mutanen Kumasi na karɓar bayi a matsayin haraji daga Dagomba da ke arewa da su, sannan ya kalle mu ya ce ku kuma kun san Salaga ai. Nan jikina ya yi sanyi. Salaga fa ita ce Gwanjan da muke ji a labarin fatake, mu a gida goro kawai ake faɗa mana ana sarowa, ba a cika faɗin cewa cikin kayan da ayari ke saukewa a kasuwar har da mutane ba.

A mota muka kaure da musu ni da Alhajin. Shi ya dage cewa bautar gida daban ce, bawa a wurinmu yana cin abin da ubangidansa ya ci, yana iya yin murgu ya tara ya fanshi kansa, wasu bayin sarki ma sun fi 'ya'ya iko. Na ce Alhaji Allah ya ƙara girma duk haka ne, amma wanda aka kai wa ƙauyensu hari aka raba shi da uwarsa aka jefa a rinji yana noma ba shi aka tambaya ba, kuma in da daɗi me ya sa har gobe in za a yi aure ake bin diddigi a ji ko akwai bauta a dangi, me ya sa bacucane ya zama zagi? Sai 1936 aka haramta bauta kwata-kwata a Arewacin Najeriya, Nijar sai 2003 ta mayar da ita laifi a doka, a 2008 Hadijatou Mani, wata 'yar Nijar da aka bautar, ta yi nasara a kotun ECOWAS kan wannan maganar. Kuma namu ma an tsallaka da su, Hausawa sun shirya bore a Bahiya ta Birazil a 1807 amma aka gano shirin kafin su tashi, akwai su cikin boren Musulmi na 1835 da aka yi a watan azumi. Alhaji ya yi shiru, can ya ce yaro ka cika kaifin baki, ya miƙo min goro.

Inda kamfanin ya ban haushi shi ne gaggawa. Assin Manso, rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku, yana cikin takardar da suka bamu, amma saboda lattin da su suka jawo minti ashirin kacal muka yi a wurin, ko kaburburan mutum biyun da aka dawo da ƙasusuwansu daga Amurka da Jamaika a 1998 a tsaitsaye muka gani, alhali an ɓata kusan awa ɗaya a shagon tsaraba ana tallata mana riguna da sarƙoƙin wuya. Sannan mai ɗaukar hoton da suka haɗo mu da shi yana ta cewa a yi murmushi a bakin ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wadda in an fita ba a dawowa, haba ɗan'uwa, wurin biki ne?

Don haka ni uku da rabi na basu cikin biyar, jagoran shi kaɗai ya ci biyar. In za ku je ku sa takalmi mai kama ƙasa don kurkukun akwai santsi, ku riƙe ruwa, mai asma ya yi hattara, kuma baƙo ya san kuɗin ƙofarsa ya fi na ɗan ƙasa. Na tambayi manajan ko suna kai mutane Salaga, ya ce da suna yi amma sun daina saboda nisa kuma ba a samun fasinja, wai in na haɗa mutum goma sha biyu za su fito da mota. Yanzu mu uku ne, ni da ɗan kawuna da Alhajin Kumasi.