Aksil 3.46 a kan BMW 330i: abin da na gani cikin wata takwas

Wata takwas ke nan da na sauke aksil ɗin bayan motata, wato akwatin haƙoran da ke raba wa tayoyin baya ƙarfin injin, na ɗora mai lamba 3.46, kuma tun ranar samarin da muke haɗuwa da yammacin Lahadi ba su bar ni na huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: "Oga, a yi ko kar a yi?" Amsar ba ta tsayuwar bakin titi ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta.

Motar BMW ce ƙirar E46, 330i ta 2002, manuwal mai giya biyar, injin M54 lita uku. Duk wanda ya taɓa jan irinta ya san inda take ciwo. Injin yana da rai, amma kamfani ya haɗa ta da aksil 2.93, wato sai furofela, sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa aksil, ta juya kusan sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Bature ya yi haka ne don titinsa na Jamus, inda mutum zai sa giya ta biyar ya miƙe awa guda bai taɓa birki ba. Mu kuwa a Kano daga Dangi zuwa Hotoro sau nawa za ka tsaya? Danja, Adaidaita, mai baro, ɗan acaɓa ya faɗo maka ta hannun da ba nasa ba. Kullum ina tsakanin giya ta biyu da ta uku, kuma a ta ukun in gudu ya yi ƙasa sai in ji motar ta yi nauyi kamar na ɗauko buhunan siminti.

Maganin da masu irin wannan mota suka daɗe da sani shi ne ɗauko aksil ɗin 'yan uwanta masu atomatik. Ta 330i atomatik tana zuwa da 3.38, ta 325i atomatik kuma 3.46. Na yi sati biyu ina jujjuya su a raina. Lissafin ba wuya: 3.38 zai ƙara wa taya ƙarfin ja kusan kashi 15 cikin ɗari a kowace giya, 3.46 kuma kusan kashi 18. Dokin injin yana nan yadda yake, ko ɗaya ba ya ƙaruwa, wannan a riƙe shi da kyau domin masu sayarwa suna faɗin akasin haka. Na ce tunda dai za a kwance ƙasan motar, gara in tafi ƙarshe. Na zaga Ƙofar Ruwa ban samu lambar da nake so ba, sai aka turo mini ɗan Beljiyam daga Legas. Kuɗin kuwa kun san yadda kayan BMW suka koma.

Kafin a ɗaura na sa aka gwada shi a ƙasa. Muka yi wa bakin furofelar alama da alli, yara biyu suka juya bakunan gefe tare, zagaye ɗaya cif, bakin gaban ya yi uku da kusan rabi. Lamba ta tabbata. Duk wanda zai saya ya yi wannan, domin 'yar takardar da ke jikin aksil sau da yawa ta goge ko ta fita.

Satin farko, wallahi, har ji na yi kamar an sauya mini mota. Daga danja in na saki kuloci sai ta zabura, allurar injin ta tashi da sauri kamar an tsikare ta. Giya ta uku da ta zame mini ƙarfen ƙafa ita ta koma abar so, in sa ta tun daga Gadar Lado in yi ta tafiya, in na taɓa totur ta amsa nan take. Hawan gada a ta huɗu ba ta ko nishi. Maleji ma bai rikice ba, saboda E46 daga na'urar da ke jikin taya take karanta gudu, ba ruwanta da abin da aka sauya a tsakiya. A satin nan duk wanda ya tambaye ni cewa nake yi ya je ya yi, har mutum biyu na ba lambar mai kayan. Yanzu ina jin nauyin hakan.

Ranar Asabar ta biyu muka kama hanyar Zariya da uwargida da yara, za mu gaisuwar rasuwa. Mun wuce Kura ke nan na fara jin wani siririn kuka daga baya, kamar ana busa sarewa daga nesa. Na kashe rediyo. In na taka totur sai ya ƙaru, in na ɗaga ƙafa sai ya sauya murya, amma ba ya ɗaukewa. Na ce ko taya ce. Kafin Kwanar Dangora sarewa ta zama jiniya, har ƙaramar 'yata ta toshe kunne tana tambayar mamanta ko motar asibiti ce ke bin mu. Na gangara gefe na leƙa ƙasa. Warin ƙonannen man giya ne ya fara tarbata. Na yayyafa ruwan leda a jikin aksil ɗin, sai ga shi yana tafasa yana tururi.

Nan muka zauna a gindin bishiya fiye da awa ɗaya, rana tana dukan yara, ana ta kiran uwargida a waya ana tambayar ina muka tsaya. Ba ta ce mini komai ba, kuma shirun ya fi faɗa ciwo, don ta san motar lafiyarta ƙalau kafin in taɓa ta. Daga ƙarshe na sa su a motar haya suka ƙarasa, ni kuma na juyo Kano a hankali, ina tsayawa ina barin ƙarfen ya huce. Gaisuwar da ban samu yi ba ke nan sai bayan kwana uku.

Washegari na koma wa bakaniken da ya yi aikin. Ko ramin bai shiga ba ya ce, "Oga, ai haka masu babbar lamba suke, kuka ɗabi'arsu ce. In ya saba zai daina." Na ce, "Malam, ƙarfen da ke tafasa ruwa shi ne zai saba?" Sai ya juya ya ɗora wa mai kayan, wai ruɓaɓɓe aka turo mini. Mai kayan kuma a waya ya rantse lafiyayye ya bayar. Kowa ya wanke hannunsa, aka bar ni da mota.

Wani abokina ne ya kai ni wurin wani dattijo da ya shekara da shekaru yana ɗaure aksil ɗin Marsandi da na manyan motoci. Da ya tsiyaye man a roba ya kai shi hasken rana, sai ga shi yana ƙyalli kamar an zuba garin azurfa. Ya kama bakin furofelar da hannu ya juya, da ƙyar yake motsi. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaro, an kwance wannan notin?" Na ce an kwance, Baba, domin bakin aksil ɗin atomatik bai yi daidai da furofelata ba, sai aka ciro na tsohon aka mayar. Ya ce da me aka ɗaure? Na ce da injin iska, a gabana. Ya girgiza kai kawai.

Ga abin da ya nuna mini, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A cikin aksil akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora 13 da ke juya babban faranti mai haƙora 45, rabon su ne yake ba da 3.46 ɗin. Ƙaramin yana zaune a kan boris biyu, a tsakaninsu kuma akwai wani siririn zobe da aka yi shi don ya lanƙwashe kaɗan idan an ɗaure noti. Yawan lanƙwasar da ya yi shi ke yanke yadda boris ɗin za su matsu. In ya lanƙwashe ba ya dawowa. Don haka mai aikin da ya sani, kafin ya kwance sai ya yi wa notin da sandar alama, ya ƙirga zagaye, in zai mayar ya tsaya daidai kan alamar. Nawa kuwa bugu ya yi ta yi da injin iska har sai da ya ji ya ƙi gaba. Zoben ya murƙushe, boris suka shaƙe, suka yi ta cin kansu. A cikin gari ba a jin komai don ba a daɗewa ana gudu. Doguwar hanya ce ta tona asiri.

Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin alamar nan bai fi minti biyu ba. Minti biyu! Kuma na tambaye shi a ranar, na ce ba a auna wannan ɗaurin? Ya yi dariya ya ce shekararsa nawa yana wannan aiki. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba mana, in kai wa wanda ya sani. Sai da na sayi boris biyu, sabon zobe, sabon abin tare mai, da man 75W-90, na biya kuɗin aiki karo na biyu. In an haɗa duka ya kusa sayen wani aksil ɗin. Allah ya taimake ni haƙoran ba su ci juna ba. Baba ya shafa musu launi ya juya, ya nuna mini inda suke haɗuwa, a tsakiya yake, ya ce da na ƙarasa Zariya na dawo da sai dai a jefar. Kwana huɗu motar ta yi a wurinsa, bai yarda an gaggauta shi ba, kuma tun da ta fito ban ƙara jin ko ƙis ba. Allah ya saka masa da alheri.

To bayan an gyara fa? Nan ne ra'ayina ya fara rawa, domin da kukan ya tafi sai na fara jin abin da ya rage. Giya ta biyar a wannan mota ɗaya-da-ɗaya ce, babu wata ta sama da za ta sauke injin ya huta. Da can a gudun 120 allurar injin tana wajen 3,000. Yanzu tana wajen 3,500, kuma haka za ta zauna tun daga Kano har Kaduna. Hannuna ya sha kai wa giya yana neman ta shida da babu ita. In ka sa salansa mai ƙara kamar tawa, kafin ka isa kanka ya yi nauyi. Mai kuwa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma tun da aka cire tallafi a 2023 zubar ta fi ciwo. A cikin gari ban ga wani bambanci sosai ba, a kan hanya kuwa allurar tanki tana sauka ina kallo.

Masu son tsere su ma su ji wannan. Da tsohon aksil giya ta biyu tana haura 100 kaɗan kafin allurar injin ta kai iyakarta ta 6,500. Yanzu a wajen 90 take ƙarewa, dole ka shiga ta uku, kuma lokacin da ka ɓata wurin sauyawar ya cinye wani abu daga ribar da ka samu. Giya ta ɗaya ta zama ta tashi kawai, kafin ka ankara ta ƙare.

Sai kuma maganar da mai kayan ya yi mini, wadda har yau in na tuna raina yake ɓaci. Cewa ya yi wannan aksil yana kulle ƙafa biyu, wato tayoyin baya su ja tare ko da ɗaya ta samu santsi. Ba gaskiya ba ne. A jerin E46, M3 ce take zuwa da mai kullewa daga kamfani, sauran a buɗe suke. Ƙarin ƙarfin ma sai ya fito da matsalar fili: in ƙasa da yashi ko an yi ruwa, taya ɗaya ce ke ta wulwulawa ɗayar tana zaune, fitilar DSC, na'urar hana santsi, tana ta ƙiftawa tana yanke wuta. Wanda yake son wasan mota ya juya baya, lambar aksil kaɗai ba za ta ba shi ba.

Samarin da na ba lamba a satin farko, ɗaya na same shi kafin ya saya na ce ya nemi 3.38, kuma ya duba ƙarfen ƙasan bayan motarsa inda aksil ke rataye, don E46 ta yi suna wurin tsagewa a nan. Ɗayan ya riga ya ɗaura, na dai kai shi wurin Baba aka duba notin. Ni kuwa 2.93 ɗina yana nan a shago, na zuba masa mai na rufe da buhu. Duk ranar da na dawo daga Kaduna sai in ce gobe zan mayar da shi. Da safe in fito, danja ta farko ta ba da hannu, in saki kuloci, sai in ce a bari sai wani satin.