Crunchyroll: saurinsa ake saya, sauran sai haƙuri

Abin da Crunchyroll, manhajar kallon anime (fina-finan zane na Japan), ke sayarwa a zahiri shi ne sauri. Sabon kashi na fita a talabijin ɗin Japan, kamar awa ɗaya bayan nan ya iso wayarka da fassara a ƙasa. Wannan saurin ne ya fitar da anime daga hannun 'yan tsirarun masoya. A 2006 da aka buɗe shafin a Amurka, masu kallo ne ke ɗora abin da suka fassara da kansu, ba lasisi. A 2009 ya kwashe kayan satar, ya ƙulla yarjejeniya da gidan talabijin na TV Tokyo kan shirin Naruto Shippuden, daga nan masu kallo a ƙasashe da dama suka koma ganin kashi ɗaya a rana ɗaya. Yanzu kafin gari ya waye an yanko faɗan da ke cikin kashin an sa a TikTok, wanda bai taɓa kallo ba ya fara tambayar sunan shirin. Sony ta sayi Crunchyroll a 2021.

Hoton tas yake, manhajar ba ta yawan sanƙarewa. Amma data fa! Kowane kashi wajen minti 24 ne, in ka bar ingancin hoto yana zaɓar kansa, da sabis ya yi ƙarfi zai haye 1080p, kafin ka ankara data ta tafi. Shiga saiti ka ɗaure shi a 480p; a allon waya bambancin bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya saba karɓar fim ta Xender zai sha mamaki: abin da ka sauke a kulle yake cikin manhajar, ba ya turuwa, kuma da kuɗinka ya ƙare ya daina buɗewa. Sun kuma rufe wurin tsokaci a 2024.

Fassarar Hausa babu. Akwai Turanci, Faransanci da Larabci, shi ma ba a kowane shiri ba. Wani shirin da ake ta zuzutawa za ka nema ka rasa, saboda lasisin ƙasa-ƙasa ake sayarwa. Katin naira kuma wani lokacin banki ke hana shi biya, sai a gwada ta Google Play.

Iyaye su lura, zane ne amma ba duka na yara ba ne, akwai jini da tsiraici. A buɗe wa yaro nasa sashen a saka iyakar shekaru kafin a miƙa masa wayar.